Jirgin Ƙasa da Jirgin Kara

Ko wane zamani da irin abin hawansa, ko wane abin hawa kuwa da irin kwaikwayonsa a hannun yara. Zamanin da doki ya ke shi ne babban abin hawa a ƙasar Hausa, yaro ya kan sami kara ya lanƙwasa kansa, ya ɗaura masa linzamin rama, ya hau ya yi ta sukuwa a ƙofar gida. In damina ta sauka kuma ya kan ɗebo yumɓu ya gina doki da raƙumi, ya shanya su a rana. Sa'ad da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin shekarar 1911, sai wani sabon abu ya shiga idon yara, daga ido kuwa ya sauko hannu. Yaran birni da na ƙauyukan kewaye, irin su Rijiyar Zaki, suka shiga fere kara suna yin kan jirgi da taragu, suna ja da zare.

Manya da yawa sun ɗauki wannan a kan aikin banza, abin da yaro ke yi don ya guje wa aike. Amma wanda ya bi tarihin jirgin ƙasa tun daga tushensa, zai tarar ƙaramin jirgi shi ya haifi babba. Zai kuma tarar akwai ƙasashen da dattawa masu furfura su ke shimfiɗa ɗan dogo a cikin ɗakunansu, ba su jin kunya, gama sun san abin da a ke koya a ciki.

ƘARAMI YA RIGA BABBA

A ƙasar Ingila aka fara jirgin ƙasa. Tun kafin a yi shi, masu haƙar kwal na can sun san shimfiɗa dogo na itace, daga baya na ƙarfe, dawaki suna jan taragu bisansa. Sun kuma san inji mai aiki da tururi, amma a kafe ya ke wuri guda, yana zuƙe ruwa daga ramukan da a ke haƙa. Abin da ya rage shi ne a sami dabarar da injin zai ɗauki kansa ya yi tafiya.

Cikin shekarar 1784 wani injiniya, sunansa William Murdoch, yana zaune a garin Redruth, a kudu maso yammacin Ingila, ya ƙera wani ɗan keke mai wili uku, tsayinsa wajen ƙafa guda. Ya ɗora masa 'yar tukunyar ruwa, ya kunna 'yar fitila a ƙarƙashinta. Da ruwan ya tafasa, tururi ya tura, sai ɗan keken ya ruga da kansa ba wanda ke jansa. Bayansa kuma wani mutumin wannan yanki, Richard Trevithick, ya yi ta ƙera irin waɗannan ƙanana yana gwada su a gida. Sai da ya tabbata dabarar ta zauna, sa'an nan ya ƙera babba. Ran 21 ga Fabrairu, 1804, injinsa ya ja ƙarfe tan 10 da mutum 70, tafiyar kusan mil 10, a ƙasar Wales. Wannan shi ne farkon tafiyar kan jirgi bisa dogo. Nauyin injin ya yi ta karya dogon, don haka ba a daɗe ana amfani da shi ba, amma an riga an ga hanya.

George Stephenson shi ya kai abin ga gaci. Cikin 1825 aka buɗe hanyar jirgi tsakanin Stockton da Darlington, cikin 1830 kuma aka buɗe ta tsakanin Liverpool da Manchester. Faɗin dogon da ya bi, watau tazarar da ke tsakanin ƙarfen dama da na hagu, ƙafa 4 ne da inci 8 da rabi. Yawancin ƙasashen duniya wannan awo su ke bi har yau.

Dalilin da ya sa waɗannan gwanaye suka fara da ƙarami a fili ya ke. Kuskuren da aka yi a ɗan inji na bisa tebur, gyaransa bai wuce 'yan sulalla ba. Kuskuren da aka yi a babba kuwa, dukiya ce mai yawa, wani lokaci har da rayukan mutane.

YADDA YA SHIGA GIDAJEN TURAWA

Da jirgin ƙasa ya bazu a Turai, sai maƙera suka fara yin ƙanana na farin ƙarfe da na tagulla don sayarwa. Na farko ba su da dogo, a daɓen ɗaki su ke gudu. Waɗansu ma da wuta da ruwa su ke aiki kamar na gaske, suna tafe suna ɗigar da ruwa, in sun ci karo da ƙafar kujera su kife.

Cikin 1891 wani kamfani na ƙasar Jamus mai suna Märklin ya kawo wani sabon abu kasuwar baje koli ta birnin Leipzig. Ya nuna ɗan jirgi wanda a ke wana shi da mabuɗi kamar agogo, tare da dogo gutsure gutsure, waɗansu miƙaƙƙu, waɗansu lanƙwasassu, masu shiga cikin juna. Babbar hikimar ita ce kamfanin ya tsai da awo. Wanda ya sayi kan jirgi bana, in ya sayi tarago baɗi zai hau dogonsa daidai. Tun daga nan abin ya tashi daga abin wasa na kwana biyu, ya zama aikin da mutum zai yi ta ƙarawa shekara da shekaru.

A Amurka wani mutum, Joshua Lionel Cowen, ya kafa kamfanin Lionel a birnin New York cikin 1900. Jirginsa na farko mai aiki da lantarki ya yi shi ne don masu kanti su sa a taga, ya riƙa zagayawa yana jawo hankalin masu wucewa. Sai mutane suka bar hajar da ke tagar, suka ce jirgin su ke so. A Ingila kuma akwai Frank Hornby, wani akawu na birnin Liverpool, wanda ya fara da yanka 'yan ƙarafa masu huji yana ba 'ya'yansa su harhaɗa. Cikin 1901 ya yi rajistar wannan dabara, ita ce daga baya aka sani da sunan Meccano, cikin 1920 kuwa ya fara sayar da 'yan jiragen ƙasa da sunansa. Tun 1910 ma manyan mutane masu sha'awar wannan aiki sun kafa ƙungiyarsu a London.

Sannu a hankali aka yi ta rage girman jiragen, don su sami shiga ƙaramin ɗaki. Awon da ya fi yawa a duniya yanzu shi ne wanda a ke kira HO, watau a raba ko wane abu na gaske kashi 87 a ɗauki kashi ɗaya. Faɗin dogonsa milimita 16 da rabi ne, bai kai inci guda ba. Mai wannan sha'awa ya kan kafa katako mai faɗi a ɗaki, ya shimfiɗa dogo, ya gina tasha da gada da duwatsu da itatuwa, duka bisa awo ɗaya. A birnin Hamburg na Jamus waɗansu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, sun buɗe wani gida cikin 2001 wanda ba kome a cikinsa sai wannan. Tsawon ɗan dogon da aka shimfiɗa a ciki ya wuce kilomita 15, mutane kuwa suna zuwa daga ƙasashe suna biyan kuɗi su yi kallo.

ZUWAN DOGO KANO

Turawa sun ci Kano cikin Fabrairu, 1903. A lokacin nan dogon da aka faro daga Ikko ya riga ya kai Badun tun 1901, amma tsakaninsa da Kano akwai tafiya mai nisa, ga kuma kogin Kwara a tsakani. Sai Gwamnatin Arewa ta yi shawarar ta yi nata dogon daga Baro, wani gari a bakin Kwara a ƙasar Nufe, inda jiragen ruwa ke iya isowa daga teku in ruwa ya cika. Cikin 1907 aka naɗa Sir Percy Girouard ya shugabanci Arewa. Shi mutumin Kanada ne, injiniyan soja, wanda ya riga ya shimfiɗa dogo a hamadar Sudan. A shekarar nan aka soma aiki, Ma'aikatar Ayyuka ta Arewa ce ta yi shi, ƙarƙashin shugabanta John Eaglesome.

Ba a yi aikin nan da manyan injuna ba. Da diga da shebur da kwando aka yi shi, bisa kawunan mutane. Ta hannun sarakuna da hakimai a ke tara leburori, ko wace gunduma a yanka mata yawan mutanen da za ta kawo, su yi 'yan makonni a sake su a kawo waɗansu. Da yawa ba da son ransu suka je ba, sun bar gonakinsu da iyalinsu, musamman Nufawa da Gwari da mutanen Zazzau. Shi ya sa sunan diga ya zauna a bakin mutane, har Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ya yi waƙa a kan aikin, wadda a ke kira Waƙar Diga. Da sule da kwabo a ke biyan leburorin nan, wannan kuwa ya taimaka ƙwarai wajen yaɗa kuɗin Turawa a ƙauyukan da a dā wuri kaɗai suka sani.

Dogon ya bi ta Minna da Kaduna da Zariya, ya ƙetare kogin Challawa, ya iso Kano cikin Maris, 1911, zamanin Sarkin Kano Abbas. Tsawonsa daga Baro mil 356 ne, faɗinsa kuwa ƙafa 3 da inci 6, daidai da na Ikko. Da ya ke awonsu ɗaya ne, sai aka haɗa su a Minna, cikin 1912 kuma aka gama su ƙarƙashin hukuma guda. A Jaba da jirgin fito a ke ƙetarar da taragu, sai cikin 1916 aka buɗe gadar Kwara. Daga nan tafiyar kusan mil 700 tsakanin Kano da Ikko, wadda fatake ke yi cikin makonni masu yawa, ta koma ta 'yan kwanaki. Daga baya aka ƙara rassa: Zariya zuwa Ƙauran Namoda cikin 1929, Kano zuwa Nguru cikin 1930, ta Ringim da Malam Madori, sa'an nan na Maiduguri wanda aka gama cikin 1964.

GYAƊA DA JAKUNA

Dogo bai bi ta Rijiyar Zaki ba. Ita tana yamma da birni ne, bisa hanyar Gwarzo, cikin ƙasar Ungogo, tasha kuwa tana gabas, bayan ganuwa. Manomin wannan yanki in zai je tasha, sai ya shiga ta Ƙofar Kabuga, ya ratsa birni, ya fita ta Ƙofar Mata ko ta Nasarawa. Abin da ya haɗa shi da jirgi shi ne gyaɗa.

Ƙasar kewayen Kano ƙasa ce mai yawan jama'a, gona na manne da gona, ba a barin saura ta huta. Abin da ke riƙe da ita shi ne taki. Tun dā manoma su kan kora jakuna birni da itace da hatsi da harawa, su komo da taki cikin mangala. Turawa sun zaci in dogo ya iso, auduga za a riƙa aika wa masaƙun Ingila. Amma masaƙan Kano da marina suna sayen auduga da daraja fiye da yadda kamfani ke saye. Gyaɗa kuwa tana son jigawa, harawarta abincin dabbobi ce, in ba ta sayu ba a ci ta a gida, ga shi kuma a Turai ana nemanta don yin man girki da sabulu. Fataken goro na Kano, waɗanda suka san ƙauyuka, suka aika yaransu da gishiri da tufafi da kuɗi suna kama gyaɗa tun tana gona. Cikin 1912 gyaɗar da Nijeriya ta fitar wajen tan 2,500 ce. Cikin 1913 ta wuce tan 19,000. Fari da yunwar da suka biyo baya sun mai da hannun agogo baya na ɗan lokaci, amma cinikin ya sake tashi. Alhassan Ɗantata, wanda ya fara da fataucin goro, ya shiga sayen gyaɗa cikin 1918, ya zama babban attajirin zamaninsa kafin rasuwarsa cikin 1955.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gyaɗa ta fi ƙarfin taragun da a ke da su. Sai aka riƙa jera buhuna a fili ana tayar da dala, dala guda ta kan ɗauki buhu har 15,000, tana jiran jirgi. Yaron ƙauye da ya rako ubansa da jakuna ya kan ga wannan duka da idonsa: dalar gyaɗa, da 'yan dako, da baƙin kan jirgi yana huci, mai zuba kwal yana gumi, da jerin taragu wanda ba ya ƙirguwa da kallo ɗaya. In ya koma gida ba shi da takarda da zai zana, ba shi da kuɗin sayen na kanti. Abin da ya ke da shi kara ne, ga shi nan tuli bayan girbi.

YADDA A KE JIRGIN KARA

Karan dawa kaya biyu ya ke ba mai sana'a. Akwai ɓawo na waje, mai santsi da ƙarfi, wanda a ke tsagawa siri siri ya zama tsinke. Akwai kuma totuwa, watau farin ɓargon ciki, mai taushi, wanda tsinke ke shiga ba tare da ya fashe ba. Totuwa ita ce katako, tsinke shi ne ƙusa. Da waɗannan biyu, da 'yar wuƙa ko reza, yara su ke yin mota da keke da jirgin sama da tabarau da kejin tsuntsu.

Mai yin jirgi ya kan zaɓi gaɓa mai kauri ta zama tukunyar kan jirgi, ya kafa guntuwar totuwa a gaba ta zama bututun hayaƙi, ya gina ɗakin direba a baya. Taragu kuwa akwatuna ne na totuwa da aka jera aka soke da tsinke. Wili daga sakaina a ke fere shi, a goga shi bisa dutse har ya yi da'ira, a huda tsakiya. Da kantuna suka yawaita sai kayan aiki suka ƙaru. Aka sami langa-langa, watau siririn ƙarfen da a ke ɗaure dilar kaya da shi, da gwangwanin madara da na kifi, da marfin kwalba, da waya, da kwarkwaron zare. Yaran Fagge da na birni, da ya ke sun fi kusa da kantuna, suka gwanance da langa-langa, na ƙauye kuwa suka riƙe kara.

Akwai abu guda da ya bambanta jirgin kara da na Turawa. Yawanci ba a yi masa dogo, a ƙasa a ke jansa kamar mota. Alhali kuwa dogo shi ne jirgi. Direban jirgi ba shi da sitiyari. Abin da ke bi da shi hanya wani leɓe ne da ke jikin ko wane wili ta ciki, wanda ke tokarar dogo ya hana shi zamewa. In faɗin dogo da faɗin wili suka saɓa, ko da kaɗan ne, jirgi ya sauka.

AWO SHI NE UBAN AIKI

Tarihin ƙasar nan ya nuna abin da saɓanin awo ke jawowa. Tsakanin 1912 da 1914 aka shimfiɗa wani dogo daga Zariya zuwa Jos da Bukuru don ɗauko kuza. Saboda tsimin kuɗi aka yi shi da faɗin ƙafa 2 da inci 6. Taragunsa ba su iya hawa babban dogo, na babban dogo ba su iya hawansa, saboda haka ko wane kaya sai an sauke shi a Zariya an sake lodi. Da babban dogo ya isa Jos ta Kafanchan cikin 1927, sai ƙaramin ya rasa ciniki, cikin 1957 aka rufe shi. Ingila ma ta sha irin wannan wahala, gama wani babban kamfani na can ya yi nasa dogon da faɗin ƙafa 7, sai cikin 1892 aka gama mai da shi daidai da na sauran.

Don haka wanda ya ke so ya shimfiɗa ɗan dogo a gida, shi da 'ya'yansa, da awo zai fara. Tsohon dogon Nijeriya ya zo da sauƙin lissafi. Ƙafa 3 da inci 6 inci 42 ke nan. In aka raba kome kashi 42, faɗin ɗan dogon zai zama inci 1 cif. Ko wace ƙafa 7 ta gaske ta zama inci 2. Tarago mai tsawon ƙafa 35 ya zama inci 10, ɗaki mai faɗin ƙafa 14 ya zama inci 4, mutum mai tsayin ƙafa 5 da inci 3 ya zama inci 1 da rabi. Amma mil guda bisa wannan lissafi yana bukatar wajen ƙafa 126, dogon Baro zuwa Kano kuwa sai ya ci mil 8 da rabi. Shi ya sa ko a Turai ba mai yin hanya duka. Tasha guda a ke zaɓa, da 'yar hanya gabanta da bayanta.

A ƙasa ba a shimfiɗa shi, saboda gara da awaki da ruwan sama. Tsohon ƙyaure ko faffaɗan katako ya isa, wanda za a iya ɗauka a jingine a zaure. A yanka 'yan katakai gajeru, a yi wa ko wanne tsaga biyu da zarto, tsakaninsu inci 1, a jera su a gicciye, sa'an nan a tsai da langa-langa a kan gefensa cikin tsagar. Kada a dogara da ido. A sami guntun itace guda a yi masa alama biyu, da shi za a auna ko wace tsaga, yadda ma'aikatan dogo na gaske ke yawo da sandar awonsu. In za a yi kwana, a kafa ƙusa, a ɗaura zare da fensir, a zana da'ira mai faɗi, gama kwana mai tsanani ita ke ka da jirgi. Wili kuwa a fere sakaina biyu, ɗaya ta ɗara ɗaya kaɗan, a manne su da ƙaro, babbar ta kasance ta ciki, ita ce leɓen. A sa ɗan dutse cikin ko wane tarago don ya zauna da gindinsa. Hawa da gangara a yi su kaɗan kaɗan, domin ƙarfe bisa ƙarfe santsi gare shi.

Sauran aikin na tarihi ne. Mai ginin zai zaɓi shekarar da ya ke nufi. In tashar Kano ce ta wajen 1950, to, sai kan jirgi mai tururi, irin waɗanda aka fara kawowa cikin 1948 aka sa musu sunayen koguna, da tankin ruwa, da tarin kwal, da dalar gyaɗa, da jakuna na yumɓu. Mai shan man dizal ba shi da wuri a nan, don sai cikin 1955 aka fara kawo irinsa. Wanda bai san yadda abu ya ke ba, sai ya nemi tsofaffin ma'aikatan reluwe da tsofaffin 'yan dako ya tambaye su, ya rubuta abin da suka faɗa. Karatu da rubutu da lissafin da aka koya a aji duk sun sami wurin aiki ke nan.

JA DA BAYA DA SABON DOGO

Cikin 1964 jiragen ƙasa na Nijeriya sun ɗauki fasinja fiye da miliyan 11. Bayan shekara goma ba su kai miliyan 5 ba. An yi tituna masu kwalta, manyan motoci suka ƙwace kaya, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya lalata hanyar gabas. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa cikin 1975 suka kawo ƙarshen dala, hankalin hukuma kuma ya koma kan man fetur. Jirgi ya yi ta raguwa har ya kai ana daɗewa ba a ji kukansa a Kano ba. Ita ma Rijiyar Zaki birni ya iso ta, gidaje suka cinye gonaki da yawa, kara ya yi wuya a inda dā a ke tuntuɓe da shi. Kayan wasa na roba masu araha suka cika kasuwa.

Yaro ba ya ƙera abin da bai gani ba. Yaran da suka tashi cikin waɗannan shekaru tirela da tanka da jirgin sama su ke yi, in ma sun yi, don su ne a gabansu. Asarar ba ta abin wasa kaɗai ba ce. Yaron da ya fere wili ya ga ya ƙi juyawa, ya sake ferewa, ya koyi haƙuri da lura da gyaran kuskure, waɗanda su ne jarin maƙeri da kafinta da makaniki da injiniya. Wanda aka miƙa masa na roba kuwa, ran da ya karye sai kuka.

Amma dogo ya fara farfaɗowa. Cikin Disamba, 2012, aka mai da jirgin fasinja tsakanin Ikko da Kano bayan an gyara tsohuwar hanya. Cikin 2016 aka buɗe sabon dogo tsakanin Abuja da Kaduna, cikin 2021 aka buɗe na Ikko zuwa Badun. A wannan shekara kuma aka ƙaddamar da aikin na Kaduna zuwa Kano, da na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka tsara zai bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Waɗannan sababbi duka bisa awon Stephenson a ke yinsu, ƙafa 4 da inci 8 da rabi, saboda haka taragun tsohon dogo ba za su hau su ba. Tsohuwar matsalar Zariya ta sake dawowa da girma, sai an yi mata dabara.

Sabon dogo zai bukaci masu tuƙi da masu gyara da masu awo, shekaru masu yawa bayan waɗanda suka shimfiɗa shi sun koma ƙasashensu. Dogon 1911 kakanni sun ɗauki ƙasarsa a ka, waɗansu ne suka riƙe sandar awo. Ko jikoki za su riƙe ta a wannan karo, ya danganta ga abin da aka koya musu tun suna ƙanana. Uban da ya ga ɗansa ya tara kara da sakaina a zaure, maimakon ya kore shi, ya fi kyau ya sayo masa rula ta inci goma sha biyu, ya zauna ya nuna masa yadda a ke karanta ta.